Muhawara a Aji: Hanyar Koyar da Tarihin Gine-gine, da Misalai daga Tsohon Birnin Gwari

Gabatarwa

A yawancin makarantunmu na sakandare, idan darasi ya biyo ta kan gine-ginen gargajiya, abin da aka saba shi ne malami ya jera sunaye a kan allo: tubali, azara, zanko, indararo, bakan gizo, ɗaurin guga. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, sa'an nan su manta. Ɗalibin da ya ci wannan jarrabawa yana iya wuce tsohon soro kullum a hanyarsa ta zuwa makaranta ba tare da ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa bangon ya fi kauri daga ƙasa ba.

Alhali kuwa kowane gini amsa ce da wasu mutane suka bayar ga wata matsala da ta dame su. Kafin a aza tubalin farko, sai da aka zaɓi wuri aka bar wani, aka ɗauki wani kayan aiki aka ajiye wani. Tarihin gine-gine, wato, tarihin irin wannan zaɓi ne. Hanyar da ta fi saurin fahimtar da ɗalibi zaɓin da wani ya yi kuwa ita ce a sa shi ya kare zaɓin a gaban wanda ke sukarsa. Wannan ita ce fa'idar muhawara a aji. Wannan maƙala za ta bayyana yadda malami zai yi amfani da ita, ta hanyar ɗaukar misalai uku daga Tsohon Birnin Gwari da ƙasar da ke kewaye da shi.

Muhawara ba baƙuwa ba ce

Musayar hujja tsohuwar al'ada ce a ilimin ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna tattauna mas'alolin fiƙihu ta hanyar kawo dalili da warware dalili. A farkon ƙarni na 19 an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno da shugabannin jihadi na Sakkwato game da halaccin yaƙin da ake yi, kuma Muhammadu Bello ya adana wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Haka kuma makarantun boko sun gaji ƙungiyoyin muhawara, inda ɗalibi kan tashi ya gai da shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci kafin ya shiga batu. Illa dai batutuwan da aka fi zaɓa, irin su likita da malami wa ya fi amfani, ba sa bukatar bincike. Mai kaifin baki shi ke cinyewa. Tarihin gine-gine yana ba da batutuwan da baki kaɗai ba ya isa, domin ana iya auna bango da tef, ana iya auna zafin ɗaki, ana kuma iya tambayar wanda ya yi ginin.

Garin da ya zama littafi

Birnin Gwari yana yammacin Jihar Kaduna, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Sunan kansa darasi ne: birni a Hausa gari ne mai ganuwa, Gwari kuwa sunan da Hausawa ke kiran al'ummar Gbagyi. Ke nan wuri ne da al'adun gini iri biyu suka haɗu. A shekarar 1826 Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya, ya ratsa garin a tafiyarsa daga bakin teku zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, abin da ke nuna cewa garin yana kan hanyar fatake. A ƙarni na 20 mazaunin sarauta da na mulki ya koma sabon gari da ke kan babbar hanyar mota wadda ta taso daga Kaduna ta nufi Tegina. Garin asali, wanda ke kan hanyar Funtuwa, shi ne ya koma Tsohon Birnin Gwari.

Ƙasar tana da duwatsu da ƙoramu da daji mai kauri. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana da faɗin murabba'in kilomita 1,121. Ruwan saman da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, wato ya fi na Kano da Katsina. Duwatsun da dajin da ruwan duk sun bar alamarsu a kan yadda mutanen yankin suka yi gini.

Muhawara ta farko: ganuwa ko kan dutse?

Batu: "Zama cikin ganuwa ya fi zama a kan dutse amfani ga manomi a zamanin hare-hare."

A ƙarnonin baya mutanen wannan yanki sun bi hanyoyi biyu don tsira daga mahara. Wasu al'ummomin Gbagyi da Kamuku sun kafa ƙauyukansu a kan duwatsu, inda doki ba ya iya hawa. Wasu kuwa sun zauna a fili suka kewaye kansu da ganuwa da gwalalo da sarƙaƙiya. A shekarun ƙarshe na ƙarni na 19, hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, sun ɗaiɗaita garuruwa masu yawa a ƙasar Gwari, har zuwa 1901 da sojojin Ingila suka ci Kwantagora. Don haka batun ba na wasa ba ne ga waɗanda suka rayu a lokacin.

Masu goyon bayan ganuwa za su ce tana tara jama'a da kasuwa da rijiyoyi a wuri guda, kuma takan kewaye har da gonaki domin a sami abinci idan an yi wa gari ƙawanya. Masu suka za su ce dutse ganuwa ce da ba a biya ladan gininta ba, ba ta kuma zubewa da damina. Sai masu goyon baya su mayar da martani cewa a kan dutse ruwa yana wuya, ƙasar noma kaɗan ce, kuma fatake ba sa hawa da jakuna.

A nan ne lissafi ke shigowa. A ce gari da'ira ne mai faɗin kilomita 1 daga gefe zuwa gefe. Tsawon ganuwarsa zai kai kilomita 3.14, filin da ke ciki kuma hekta 78.5. Idan aka ninka faɗin ya zama kilomita 2, ganuwar za ta ninka sau biyu, ta zama kilomita 6.28, amma filin zai ninka sau huɗu, ya zama hekta 314. Wannan yana nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa babban birni ya fi ƙaramin gari cin ribar ganuwa. Bugu da ƙari, a ce ganuwar ƙaramin garin tana da tsayin mita 4, kaurin mita 3 a gindi da mita 1 a sama. Ƙasar da za ta ci ta kai mita kubik 25,120. Idan, alal misali, mutum ɗaya yana iya haƙa ya kwaɓa ya ɗora mita kubik ɗaya a yini, mutum 500 za su yi kwana 50 suna aiki. Daga wannan lissafi na misali ɗalibai da kansu za su gano cewa ganuwa ba ta yiwuwa sai da sarautar da ke iya tara jama'a aikin gayya, kuma kowace shekara bayan damina sai an sake tara su don gyara. Ta haka darasin gini ya zama darasin mulki. Malami yana iya kwatanta wannan da ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12.

Muhawara ta biyu: ƙasa ko siminti?

Batu: "Ginin ƙasa ya fi ginin bulo da kwano dacewa da Birnin Gwari."

Kafin wannan muhawara dole ne ɗalibai su san yadda magina ke aiki. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali mai siffar ƙwai, a shanya shi ya bushe. Ana jera shi a tsaye, sahu a kan sahu, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama, saboda gindi ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa. Rufin soro kuwa da azara ake yin sa, wato faskararren icen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita 2, saboda haka magina suka ƙirƙiro dabarar jera azara daki-daki, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure su a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo, kuma da shi ake samun babban zaure marar ginshiƙi.

Masu goyon bayan ƙasa suna da hujja daga kimiyyar zafi. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya riƙe shi sa'o'i da dama kafin ya isar da shi cikin ɗaki. Saboda haka ɗakin yakan yi sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da daren hunturu. Kwano kuwa siririn ƙarfe ne da ke ɗaukar zafi nan take ya watsa shi ga na ƙarƙashinsa, musamman inda babu silin. Har ila yau, ana gasa sinadaran siminti ne a wuta mai zafin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas, kuma masana'antar siminti ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya.

Masu suka ma ba su rasa abin faɗa ba. Babban maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, Birnin Gwari kuwa ƙasar ruwa ce. Rufin soro yana bukatar gyara kowace shekara, idan indararo ya toshe ruwa ya kwanta a sama, rufin yana iya ruftowa kan mutane. Giginya tana yin shekaru masu yawa kafin ta isa sara, gwanayen magina kuma suna raguwa. Wanda ya yi rufin kwano ya huta da wannan ɗawainiya shekaru da dama.

Malami mai hikima zai bar wani ɗalibi ya jefo hanya ta uku: ɗakin Gbagyi mai zagaye da jinka mai tsini. Gangaren jinka yana zubar da ruwa da sauri, bakinta kuma yana zarce bango ya kare shi daga feshi. Rumbu ma ana ɗora shi a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi. Wato a ƙasar da ruwa ya yi yawa, jinka tana da amsar da soro ba shi da ita, ko da yake ita ma tana tsoron gobara. A nan ɗalibai za su gane cewa bambancin gini tsakanin al'ummomi yana da alaƙa da yanayin ƙasa, ba a kuma auna shi da cewa waɗannan sun waye waɗancan ba su waye ba.

Gwaji biyu masu sauƙi za su ba wannan muhawara ƙarfi. Na farko, a rataye ma'aunin zafi a ɗakin ƙasa da ɗakin bulo mai kwano, a rubuta abin da ya nuna da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana bakwai. Na biyu, a sami tubali biyu, a shafe ɗaya da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a bar ɗaya haka nan, sa'an nan a rataye gwangwani mai ɗan huji bisa kowanne ruwa ya riƙa ɗiga. Makuba tana ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Duk ɓangaren da sakamakon ya goyi baya, ya sami hujjar da ya auna da hannunsa. Gani ya kori ji.

Ya kamata ɗalibai su san cewa wannan gardama ta wuce ajinsu. A Masar, Hassan Fathy ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa a shekarun 1940, amma da yawa daga cikin waɗanda aka gina dominsu suka ƙi komawa. A Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Yama na ƙasa a 1962, ginin kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu, Gando, a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin yadda iska za ta ratsa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar masu tsara gine-gine. Aikin Kéré yana nuna cewa wani lokaci ɓangarorin muhawara biyu kan haɗu a gini ɗaya.

Muhawara ta uku: a sabunta ko a bari?

Batu: "Idan tsohon gini ya lalace, gara a sake gina shi yadda yake a dā da a bar kufansa."

Wannan tambaya ce da ke gaban duk garin da ke da tsohuwar fada ko masallaci ko ragowar ganuwa. A Turai an yi zazzafar gardama a kanta a ƙarni na 19. Eugène Viollet-le-Duc na Faransa yana ganin daidai ne a kammala tsohon gini bisa salonsa, ko da an ƙara masa abin da bai taɓa samu ba. Shi ne ya tsara hasumiyar majami'ar Notre-Dame ta Paris. John Ruskin na Ingila kuwa, a littafin da ya wallafa a 1849, ya ɗauki irin wannan sabuntawa a matsayin yaudara, yana ganin kulawa ta yau da kullum ce kaɗai halattacciyar hanya. Da gobara ta cinye hasumiyar a 2019 sai gardamar ta sake tashi, daga bisani aka mai da ita bisa tsarin Viollet-le-Duc, aka buɗe majami'ar a Disamba 2024.

Misali mafi kusa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti da ya lulluɓe ɗakin sallar na asali. A Jos kuma, a gidan adana gine-ginen gargajiya da Farfesa Z. R. Dmochowski na Poland ya jagoranci kafawa, an gina kwafin masallacin da ƙasa. Ɗalibai sai su yi gardama: wanne ne ya fi adana aikin Babban Gwani, asalin da aka rufe cikin siminti, ko kwafin da ke tsaye a fili a wani gari?

Masu goyon bayan sabuntawa za su kawo Babban Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, jama'ar garin kuma suke taruwa su yaɓe shi kowace shekara. Ginin ƙasa, a ganinsu, ba ya rayuwa sai da hannun mutane a kansa, don haka abin adanawa shi ne sana'ar. Masu suka za su ce kufai shaida ce: kaurin tsohon bango da irin tubalinsa suna gaya wa mai bincike abin da sabon gini zai shafe har abada.

Yadda malami zai shirya

Mako biyu sun isa. A makon farko malami ya raba aji gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada kowa ya zaɓi abin da ya riga ya yarda da shi. Kowane ɓangare ya nemo hujja daga tushe uku: abin da aka auna ko aka zana, abin da aka ji daga bakin magina da dattawa, da abin da aka karanta. A koya wa ɗalibai ladabin tambaya. Yaro ya durƙusa ya gaisa, ya faɗi makarantarsa, sa'an nan ya ce, alal misali, "Baba, don Allah me ya sa ake fara gini bayan kaka?" Ya rubuta amsar yadda aka faɗa.

A mako na biyu a yi muhawarar. Masu magana uku daga kowane ɓangare, minti huɗu-huɗu, sai minti goma na tambayoyi daga sauran aji. Alƙalai su ba hujja rabin maki, su raba ragowar tsakanin martani da iya magana. Duk wanda ya ambaci shekara ko adadi sai ya faɗi inda ya samo. Bayan an gama, kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya yana bayyana hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da ya yi adawa da shi. Wannan rubutu shi ne ma'aunin da zai nuna ko an yi karatu ko hayaniya kawai aka yi.

Abubuwan lura

Muhawara tana da hatsarinta. Takan sa ɗalibi ya zaci kowace tambaya fuska biyu kawai gare ta, don haka wajibi ne malami ya keɓe minti goma na ƙarshe ya nuna inda ɓangarorin suka dace. Takan bar masu kunya a baya, musamman 'yan mata a ajin da maza suka fi yawa. Maganin wannan shi ne a rarraba ayyuka, wasu su auna, wasu su zana, wasu su yi magana, a kuma riƙa juyawa. Haka nan kada a bari batun gini ya rikiɗe ya zama gorin ƙabila.

Sai matsalar tsaro. Tun daga shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga daga dazuzzukan yankin suka tashi ƙauyuka da dama, suka kuma hana makarantu da yawa aiki. A Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi. Duk da haka bai kamata malami ya fita da ɗalibai bayan gari ba sai da izinin iyaye da shawarar hukuma. Inda fita ba ta yiwu ba, a gayyato magini cikin aji da tubalinsa. Malami ya kuma tuna cewa a cikin ajinsa akwai yaran da suka baro gidajensu da gudu. A wurinsu muhawarar ganuwa da dutse tana iya taɓo miki, don haka a tafiyar da ita da tausayi.

Kammalawa

Kowace damina tana rage wani abu daga tsofaffin bangaye, kowace shekara kuma ana rasa wani dattijo da ya san yadda ake ɗaura bakan gizo. Ɗaliban da ke aji a yau su ne za su zama kansiloli da injiniyoyi da masu unguwa, su ne kuma za su yanke shawarar rushe tsohon zaure ko gyara shi. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban 'yan ajinsu ya kare ginin ƙasa da alƙaluman da ya auna, ko ya soke shi da hujjar da ya ji daga bakin magini, zai yanke wannan shawara da sani. Abin da malami ke bukata don farawa bai wuce tef ɗin awo da ma'aunin zafi da batu ɗaya mai kyau ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin tarihi da na lissafi da na kimiyya su haɗa kai su ɗauke ta tare.